Alhamis a Barandar Asabe

Ruwan Agusta ya hana mu tashi.
Kwanon rufi sai surutu yake kamar mai bin bashi.
Mu shida ne a barandar Asabe, a Kakuri,
kowa da dunƙulen ulu a cinya,
shayi ya huce, ba wanda ya kula.

Rifkatu ta leƙo hannuna ta ce,
"Sassauta, baiwar Allah. Zare ba akuya ba ne.
In kin matse ido, tsinke ya rasa hanya,
in kin sake da yawa, sanyi ya sami ƙofa."
Na sassauta.
Sai kafaɗuna ma suka sauko,
ashe tun daga Kawo suke maƙale da kunnuwana.

Baba Tanimu ne kaɗai namiji a cikinmu.
Shekara ashirin da uku yana tsaye gaban inji a masaƙa,
har ranar da aka sa wa ƙofa kwaɗo,
ciyawa ta kama aiki.
Yanzu da sifokin keke biyu yake saƙa,
ya goge bakinsu a dutse har sun daina cizo.
Ya ce, "Inji kan zubo yadi ɗari kafin azahar,
amma bai taɓa sanin jikin wa zai rufe ba.
Wannan hular kuwa na san mai ita.
Jikata ce. Kanta ya yi na kakarta, da faɗi ta baya."

Lantana ba ta sayen sabon ulu.
Kasuwar Barci take shiga, ta tono suwaitar gwanjo,
ta juya cikinta waje, ta bi ɗinkin da farce.
"Nemi wadda aka haɗa da hannu.
Wadda aka yanka aka bi da keke, guntu-guntu za ta ba ki."
Zaren kan fito a nannaɗe kamar taliyar yara,
ta tara shi a tururin tukunya,
ya manta da siffar mai shi na farko.

Asabe ba ta ce komai ba.
Ɗaga rigar mijinta kawai ta yi:
hannun dama shuɗi, hannun hagu ma shuɗi,
amma ba uwa ɗaya ta haife su ba.
Muka kwashe da dariya.
Daga yau, mai sayen shuɗi ta saye shi duka rana ɗaya.

Godiya ta zo da fararen kayanta, daga aikin dare.
Ta ciro lemo daga jaka, ta ajiye a tsakiyar tabarma.
"Kan bakwaini ke nan.
Bakwai gare mu a ɗaki, huluna uku.
Ido arba'in ya isa.
Kada a bar ƙulli ta ciki, fatarsu ba ta kai bawon albasa ba."
Ba wanda ya yi dariya.
Baba Tanimu ya ɗauki lemon, ya auna shi a tafin hannu.

Ni kuwa abin da ke cinyata
rigar sanyi ce ta Mudassir, koriya,
na fara ta yana aji huɗu.
Jiya ya sunkuyo kafin ya shiga kicin.
Gaba na gama, baya na gama, saura hannuwa,
shi kuma bai jira ni ba.

Na zare tsinken.
Rifkatu ta ce, "Kai! Damina uku fa."
Na ja bakin zaren,
layi yana cin layi, ƙir, ƙir, ƙir,
har da wurin da na yi kuskure ranar da aka yi masa kaciya,
har da inda na yi gyangyaɗi na tsallake ido biyu.
Lantana ta tashi ta ɗora tukunya.

Da ruwa ya tsagaita, na shiga Keke Napep.
A kan gada, kogi ya cika ya yi ja,
direba yana faɗa da mai canji,
ni ina ɗora ido a tsinke, leɓena yana motsi:
talatin da takwas,
talatin da tara.
Lemon yana cikin jakata.
Godiya ta ce in dawo da shi ran Alhamis, in ban shanye ba.